Dokar Manya a Filin Zahir

Ni Sada, mai walda ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba a Funtuwa, amma in dai maganar ƙwallon kwando ce a cikin Hausawan Makka, ba na tambayar kowa. Kwandon farko da muka rataya a unguwar Nakkasa ni na lanƙwasa ƙarfensa da hannuna, shekara ashirin da bakwai ke nan. Da aka rushe unguwar na kwance abina, na kafa shi a wani fili bayan kasuwa a Zahir. Yana nan har yau.

Shi ya sa Kabtin Nawaf ya neme ni. Shi ne kocin wata kwaleji a Jidda, kuma gurbi ɗaya ya rage masa, na mai raba ƙwallo, wato wanda yake ɗauko ta daga baya ya tsara wa sauran wasa. Duk wanda ya samu gurbin ya samu kujerar karatu. Yara biyu yake dubawa. Ɗaya Rakan, wanda ya taso a kulob mai daɓen katako da sanyin na'ura. Ɗayan Suhaibu namu, ɗan shekara goma sha tara, takardunsa lafiya lau, amma in wannan ta kuɓuce masa sai ya koma manna tayil tare da ubansa, don baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'idar kwalejin.

Nawaf ya zo ranar Asabar bayan la'asar, da Rakan a mota da littafi a hannu. Ya zauna kusa da ni a kan benci.

"Ya Abu Fahad," ya ce, don haka Larabawa suke kirana, "an ce duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo a nan ka san shi. Yaron nan da wa yake kama?"

Na ce masa masu raba ƙwallo biyu na gani a rayuwata, sauran duk 'yan gudu ne. Na farko Abdulbaƙi. Filinmu na Nakkasa a gangare yake, in ƙwallo ta suɓuce maka sai ka sauka har bakin titi ka ɗauko. Abdulbaƙi ya yi shekara shida yana wasa a wurin, ban taɓa ganin ya sauka ba. Yana kallon gabas ƙwallo ta tafi yamma, ta faɗa hannun mutum daidai ƙirji. Amma ba ya jefawa a kwando, ko ka roƙe shi. Yanzu bas yake tuƙawa, lokacin Hajji yana jigilar Muzdalifa. Na biyu Mahmudu. Hannunsa na hagu da na dama duk ɗaya ne, daga inda ya tsaya daga nan yake zurawa. Amma ko uwarsa ce a ƙarƙashin kwando ba zai miƙa mata ba.

"To Suhaibu fa?"

"Idon Abdulbaƙi, hannun Mahmudu. Ƙafarsa ta hagu tana da nauyi in yana tsaro, kuma ƙirjinsa bai cika ba tukuna. Sauran ka gani da idonka."

Ya yi dariya. "Kowane tsoho haka yake cewa a kan yaron unguwarsu."

"Ni ba tsoho ba ne, kuma ba na ƙarya don a so ni."

Aka raba mutane biyar-biyar. Da yake ba mu da yara da yawa ranar, manya suka cike. A ɓangaren Suhaibu akwai kawunsa Issoufou, mutumin Maraɗi, mai shekara hamsin da gwiwa ɗaure da bandeji, da wasu biyu sa'o'insa. Ban ga komai a cikin wannan ba. Haka muke wasa kullum.

Minti biyar na farko na ji daɗi. Suhaibu ya karɓe ƙwallo daga hannun Rakan sau biyu kamar yana karɓar kofin shayi. Ya wuce shi ta dama, ya wuce shi ta hagu. Sai ya iso gaban kwando, ba kowa a gabansa, iska kawai. Ya juya ya miƙa wa Issoufou. Issoufou ya ɗaga, ƙwallo ta daki ƙarfe ta fita.

Aka dawo. Ya sake wuce Rakan, ya sake tsayawa shi kaɗai, ya sake neman kawunsa. Wannan karon ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

"Iska ce," in ji Issoufou.

"Wace iska a bayan kasuwa, ya shaiba?" wani ya ce daga gefe, yana kiransa tsoho da Larabci. "Gwiwar ce ta hau hannu!"

Mutane suna dariya, ni kuwa na ga Nawaf yana rubutu. Rakan bai kai rabin Suhaibu gani ba, amma duk lokacin da ya samu sarari sai ya jefa. Uku a cikin bakwai suka shiga. Suhaibu bai jefa ko ɗaya ba.

Nawaf ya rufe littafi. "Yana da ido, ban musa ba. Amma tsoron kwando yake ji. Na sha ganin irinsu."

"Tsoro? Yaron da yake zura arba'in a jere da safe kafin ya tafi aiki?"

"To me ya hana shi?"

Na buɗe baki zan zage shi, sai na fasa. Na san abin da ya hana shi. Ni ne.

Ga yadda abin yake. A zamanin Mahmudu, wata rana ya yi wasa gaba ɗaya bai miƙa wa kowa ba, har da wani dattijo da ya tsaya ƙarƙashin kwando yana ɗaga hannu kamar mai roƙo. Aka yi faɗa ranar, har da fasa baki. Sai na kafa doka: a filina, yaro ba ya jefa ƙwallo a kwando muddin akwai wanda ya girme shi a ɓangarensa yana tsaye a sake. Ya miƙa wa babba. Duk yaron da ya karya, ya zauna a benci kwana uku. Suhaibu tun yana ɗan shekara takwas ya taso a cikin wannan. Sau ɗaya ya taɓa karyawa, na murɗe masa kunne a gaban kowa. Shekara goma sha ɗaya bai sake ba. Da safe shi kaɗai yake, shi ya sa yake zurawa.

Na gaya wa Nawaf a taƙaice. Ya dube ni kamar na ce masa muna wasa da kankana.

"Ya Abu Fahad, in na ɗauke shi, shi ne ƙarami a cikin 'yan wasana goma sha biyu. Kowa ya girme shi. Wato shekara guda ba zai jefa ba?"

Na duba rana, saura kamar minti goma a kira magariba, kuma in aka kira wasa ya ƙare, wannan ko Nawaf ya sani. Na tashi na tuɓe takalmin fita, na shiga fili da silifas.

"Issoufou, fito."

"Don me? Yanzu hannuna ya fara ɗumi."

"Hannunka ya yi ɗumi tun zamanin Nakkasa, ya huce. Fito, kana kashe ɗan 'yar'uwarka!"

Ya fita yana ƙunƙuni, wai ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba. Na kori sauran manyan biyu, na jawo wasu samari 'yan goma sha bakwai daga cikin 'yan kallo. Ya zama ni kaɗai na girmi Suhaibu a ɓangaren. Da na bar shi da ƙanana kawai da ya jefa, amma Nawaf ba zai yarda ba, kuma da gaskiyarsa.

Na kama rigar yaron. "Ka ji ni da kyau. Ba doka yau. Ka jefa."

"To, Baba Sada."

Aka saka ƙwallo. Ya wuce Rakan, ya iso gaban kwando, ya gan ni a gefe. Sai ga ƙwallo a ƙirjina. Ban ɗaga hannu ba. Ta dake ni ta gangara waje.

"Me na ce maka?"

"Baba, hannuna ne ya tafi da kansa."

"To ka gaya wa hannunka tayil na jiran sa!"

Karo na biyu na juya masa baya gaba ɗaya, ina kallon katangar kasuwa. Na ji takunsa, na ji ya tsaya, sai ƙwallo ta sauka a tsakiyar bayana, dum. Filin ya fashe da dariya. Rakan ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ka sa kwando a bayanka mu huta." Na ga Nawaf ya miƙe yana laluben makullin mota.

Wallahi ban san lokacin da na isa gaban Suhaibu ba. Na yi masa ihu har miyau yana fita.

"Kai wane irin yaro ne? Kana ganin girmama ni kake yi? Abdulbaƙi ya girmama kowa a Nakkasa, je ka same shi a tashar bas ka tambaye shi wa ya tuna da shi! Dokar nan ni na yi ta, kuma wauta na yi. Mahmudu na so in gyara, na ɓata ka. In ka sake miƙo mini ƙwallon nan, kada ka ƙara taka filina, kada ka ƙara gaishe ni a hanya!"

Idonsa ya yi ja. Na je na tsaya ƙarƙashin kwando, a sake, na ɗaga hannu biyu sama, yadda dattijon nan ya yi wa Mahmudu. In zai karya, to ya karya a kan idona.

Ya taho. Rakan ya tare shi, Suhaibu ya yi kamar zai bi dama, ya ja baya taku ɗaya. Ya dube ni. Na ga kafaɗarsa ta motsa wajena, sai ya cije leɓe ya ɗaga. Ta shiga, ko ƙarfe ba ta taɓa ba.

Na biyu ya kuskure. Na uku da hannun hagu, ta shiga. Na huɗu daga nesa, Rakan yana rataye a jikinsa, ta shiga. Na biyar mutum biyu suka rufe shi, sai ya kalli gabas ya miƙa yamma, wani ɗan saurayi ya zura. Wannan ita ce daidai, kuma ba wanda ya gaya masa. Ana cikin haka ladan ya ɗaga murya, kowa ya saki ƙwallo.

Nawaf yana tsaye da makulli a hannu, bai tafi ba.

"Ƙafarsa ta hagu tana da nauyi," ya ce.

"Ai na gaya maka."

"Ya zo Jidda ranar Lahadi ta sama da takardunsa. Shi na ɗauka. Amma kai kada ka biyo shi, Abu Fahad. Ka yi masa abin da ya isa."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce.

Muna alwala a bakin masallaci, Issoufou ya ƙi kallona, sai Suhaibu ya zo ya durƙusa a gefena.

"Baba Sada, ka yafe mini. Kana tsaye a sake sau huɗu ban miƙa maka ba."

Na watsa masa ruwan butar a ƙafa. "Tashi ka ba ni wuri! In na ji labarin ka ba wani haƙuri a Jidda don ka jefa ƙwallo, da ƙafa zan zo in same ka."