Takalmi a Bakin Rami

"Na ce ba za mu bi ta hagu ba," in ji Hambali. "Akwai macizai."

"Oga Hambali, duk dajin nan macizai ne," in ji Rachael, shugabar ƙungiyarmu ta masu tattakin Asabar. "Tun daga Jalingo muka taso don mu ga tsofaffin ramukan haƙar dutse. Kai sai gonar doya kake nuna mana."

Mu tara ne, a bayan Iware. Hambali muka ɗauka ya yi mana jagora, don ya yi haƙa a nan. Abokin yayana Yuguda ne, tare suka yi. Shekara uku ke nan da ya zo gidanmu ya ce wa Inna Yuguda ya wuce Gembu neman wani ramin. Tun ranar ko waya ba mu samu ba. Neman labarinsa ne ya sa na shiga ƙungiyar. Ban faɗa wa kowa ba.

Rachael ta bi hagu, muka bi ta. Hambali ya biyo mu a baya.

Ramuka huɗu a buɗe, ciyawa ta cinye bakinsu. Na biyar an cike shi da duwatsu, an jera su da hannu.

Nelson, mai ɗaukar mana hoto, ya zaƙulo wani takalmin roba daga ƙarƙashin dutse. Ƙafa biyu, rana ta kashe musu launi.

"Wa ya manta da kayan aurensa a nan?" ya ce. Aka yi dariya.

Ni ban yi ba. Yuguda ya taɓa gaya mini dokarsu: mai shiga rami yakan bar takalminsa a baki, ya danne da dutse. Da yamma a duba. In takalmi ya rage, to akwai mutum a ƙasa.

Na karɓi takalmin daga hannun Nelson. Igiyar ƙafar dama ta taɓa tsinkewa, an ɗaure ta da koriyar wayar lantarki, ƙulli biyu. Ni na ɗaure ta, a zauren gidanmu.

"Nasiru, ajiye wannan," Hambali ya ce. "Irinsa cike yake a kasuwa. Mu tafi, rana tana yi."

Bai dubi takalmin ba. Duwatsun yake kallo.

"Yaya Hambali," na ce, "ka ce wa Inna Gembu ya tafi."

"Haka na ce."

"To da wane takalmi ya tafi?"