Lambar Baba Sito

Ɗakin da Injiniya ke aiki ba shi da taga. Yana can ƙarshen hawa na ƙasa, bayan inda masu shara ke ajiye bokitai, kuma sanyin da ke kaɗawa a ciki ba don shi ake kunna shi ba, don akwatunan ƙarfen da layukan kamfanin ke bi ne. Wayoyin tebur ɗari biyu da 'yan kai ne a ginin, kowacce shi ya ba ta lamba, shi ya rubuta sunan mai ita a fuskarta. Amma tasa ba ta ƙara sai wani abu ya lalace, kuma ko a lokacin ba a tsayawa gaisuwa. Rabin ma'aikatan sun ɗauka Injiniya ne sunansa na yanka.

Mutum ɗaya ne ke saukowa wurinsa ba da ƙorafi ba: Baba Sito, dattijon da ya riƙe makullin sito shekara ashirin da shida. Yakan zo da kofin shayinsa, ya zauna kan kwalin tsofaffin wayoyi, ya yi ta mitar sanyi har shayin ya huce. Ranar da ya yi ritaya ya roƙi alfarma guda: kada a kashe lambarsa, 307, a karkatar da ita zuwa wayarsa ta hannu. Ya ce yaran da aka bar wa siton ba su san inda ko allura take ba, kafin sati ya zagayo za su neme shi.

Injiniya ya karɓi wayar dattijon, ya kwafi lambar yadda ya gan ta, da alamar tarawa (+) a gaban lambar ƙasa, ya danna adana. Ranar ana ta kiransa hawa na uku, bai tsaya gwadawa ba.

Wata biyar ke nan. Duk bayan sati biyu Baba Sito kan kira shi a wayar hannu, ya gaishe shi, ya tambayi sanyin ɗaki, ya zagaya ya zagaya, sannan ya tambaya ko layin nan lafiya yake. Injiniya kan ce lafiya lau. Dattijon kan ce to, aiki ne ya yi wa yaran yawa. Wani lokaci ana jiyo muryar matarsa daga nesa tana tsiya, wai ko wanka zai shiga sai da wayar.

Ran nan da safe shugabar sashen ma'aikata ta aiko da jerin lambobin da za a goge kafin a tashi, don an ɗauki sababbin mutane kuma layuka sun ƙare. Ta huɗu a jerin ita ce 307. Injiniya ya buɗe shafinta yana tunanin yadda zai roƙi shugabar ta bar ta, sai idonsa ya faɗa kan alamar tarawar nan, zaune daram a gaban lamba.

Na'urar ginin nan ba ta san wannan alamar ba. Duk kiran da zai fita waje da lamba tara yake farawa, in kuwa dole sai an sa alamar tarawa, to sai an sa ɗan karkataccen zane a gabanta, in ba haka ba kiran ya mutu a hanya. Shi da hannunsa ya rubuta wannan ka'ida a takarda ya manna a bango, ga ta nan tana kallonsa. Wato wata biyar duk wanda ya danna 307 ba abin da zai ji sai katsewa.

Kunya ta kama shi, amma a ƙarƙashinta akwai daɗi, ba ƙarami ba. Ashe ba mantawa aka yi da dattijon ba, wautar shi Injiniya ce. Ya buɗe rajistar kira don ya ga su wa da wa suka nema, ya sa kwanan wata tun daga ranar ritaya. Shafin ya fito fari fat. Ya ce ko kwanan watan ya kuskure, ya sake. Ya faɗaɗa, ya sake. Babu. Ko mai kuskuren lamba ɗaya bai taɓa faɗawa kan 307 ba.

Ya daɗe zaune, fankokin na'ura suna ta gurnani. Sannan ya goge alamar, ya sa tara, ya ɗaga wayar teburinsa ya danna lambobin nan uku.

Ko ƙara ta farko ba ta gama ba aka ɗauka. "Sito, barka da aiki," in ji dattijon, da muryarsa ta ofis.

"Baba, ni ne. Na kira ne in ba ka haƙuri. Ranar nan na sa wata alama ba daidai ba, duk wanda ya neme ka kiran ba ya isowa."

Baba Sito ya kwashe da dariya har da tari. Ya ɗaga murya ya kira matarsa ta zo ta ji da kunnenta, ai ya faɗa mata. Ya dawo ya tambaya, a hankali, ko masu neman nasa da yawa ne.

Injiniya ya dubi farin shafin. "Da yawa, Baba."

"Allah sarki, sun sha wahala. Yanzu ka gyara dai ko, ɗana?"

"Na gyara."

"To madalla. Bari in ajiye, kada wani ya kira ya tarar muna kan layi."

Dattijon ya kashe. Injiniya ya mayar da kan wayar mazauninsa. A sama an fara jan kujeru, ana shirya wa sababbin ma'aikata tebura.