Geron da Bai Ji Ƙishirwa Ba

Sakamakon da ya dawo daga ɗakin bincike ya nuna geron Saudat bai taɓa jin ƙishirwa ba, alhali ita da kanta ta hana shi ruwa.

Iri ne da ta samo a Birnin Tsaba, ta shuka a tukwane a bayan gidan mahaifinta a Ƙaura Namoda. Rabin tukwanen tana shayarwa, sauran rabin ta shafa musu jan fenti ta bar su da rana ba ruwa. In aka karanta RNA na ganye, ana ganin ƙwayoyin gadon da ke aiki lokacin da aka tsinke shi, kuma geron da ya sha wuya dole ya tayar da na jure fari. Nata kuwa duk barci suke. Ga shi digirinta a kan wannan gwaji ya rataya.

Nan take zuciyarta ta tafi kan Halilu, abokin karatunta, mai kai ganyen a akwatin sanyi. Shi ma a kan gero yake bincike, kuma tun fitowar sakamakon ba ya haɗa ido da ita. Saudat dama ba ta iya barin zargi ya huce ba. Ta tambaye shi ko ya musanya kwalaben da ake zuba ganyen, ya ce a'a, ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon ya ishe ta hujja. Ta kai ƙararsa wurin malaminsu, aka cire shi daga aikin.

Ta sake shuka, ta hana abokan karatu leƙa wurin. Wata rana ta dawo gida gab da la'asar, ta tarar da mahaifinta, Malam Muhtari, tsugune da buta a kan jajayen tukwanen yana alwala, ruwan na sauka a gindin geron. 

"Baba, me kake yi?"

"Alwala, ɗiyata. Hatsin ga na ta yaushi, ga ruwa na zuba banza. In bar abu mai rai shi mutu gabana?"

"Tun yaushe?"

"Tun shukar farko. Yaron nan Halilu ma ya ishe ni ina yi. Ni na roƙe shi kada shi hwaɗa maki, don na san halinki."

Kunya ta rufe Saudat. Malam ya wanke ƙafa, ya ajiye buta.

"Yaro mai amana," ya ce. "Kwana biyu bai zo gaishe ni ba. Lahiya dai?"