Teburin Baba Mai Guga

"Ba wannan hoton muka yi da kai ba," in ji Auta.

Shugaba ko juyowa bai yi ba. Yana ta manna hoton a gaban teburin, yana shafe shi da tafin hannu. Baba Mai Guga ne a jiki, maƙwabcin Auta, kwance a gadon asibiti ba riga, haƙarƙarinsa duk a waje. Mutumin da ko shagon bakin layi ba ya zuwa sai da gogaggiyar riga.

"Wancan mai murmushin wa zai tausaya masa? Ke dai zauna ki riƙe akwatin gudummawar jinyarsa."

Ta zauna, don ba ta da bakin musu. A makarantar ba a ba ɗalibi tebur a barandar ɗakin cin abinci sai ta hannun ƙungiya mai rajista, ita ma sai ta kama wuri tun da sauran lokaci. Auta ba ta da ƙungiya. Sai da ta yi ta sintiri kafin Shugaba ya yarda ya ara mata teburin ƙungiyarsu ta taimakon al'umma, wadda yake shugabanta. Ba tsoron Allah ne ya motsa shi ba, zaɓen ɗalibai ne ya matso, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro a saman hoton. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, wanda shi ne dokar ofis: tebur ba ya zama ba kowa. In mai zagaye ya zo ya tarar da shi wayam, zai naɗe shi, ƙungiyar kuma ba ta ƙara ganin tebur sai wani zangon karatu.

Tun ranar da ta kama ɗaki kusa da nasa Baba ya laƙaba mata Auta, alhali bai taɓa haihuwa ba. Shi ke goge mata kayan makaranta, in ta miƙo masa wani abu ya ce ta raina shi. Da likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda, dariya ya yi. "Na wanke kayan mutane har na gaji, yau ni za a wanke."

Rana ta fara zafi sa'ad da wayarta ta yi ƙara. Inna ce, matar Baba.

"Auta, babanki na kiranki. Ya ce ki zo yanzu."

"An mai da shi asibiti ne?"

"Ya ƙi. Ke dai ki zo, 'yar nan."

Ta hango Shugaba can ƙarƙashin bishiya yana shan lemo da 'yan mata, ta yi ta ɗaga masa hannu har ya taho yana yamutsa fuska.

"Ki tashi ki je ina? So kike a ƙwace mana tebur ana gab da zaɓe?"

"To ka zauna kai, don Allah."

"Ina da taro. Yanzu zan turo miki sakatare." Ya duba agogonsa. "Tsofaffin nan haka suke, kullum yau ce ranar. Kuma ai don shi kike zaune a nan, ko?"

Wannan maganar ce ta ɗaure ta. Ta koma ta zauna tana gaya wa kanta cewa don shi ne, alhali ƙasan zuciyarta ta san tsoron Shugaba ne. Ta roƙi yarinyar teburin kusa, 'yar ƙungiyar rawa, ta sa mata ido. Yarinyar ta ce mai zagaye ya san fuskar kowa, ta ƙara murɗa sautin kiɗansu. Ɗalibai na wucewa, wani ya jefa abin da ya jefa, wani ya tsaya ya ƙare wa hoton kallo.

"Wannan ai ya riga ya tafi, ba a dai sanar da shi ba ne," in ji wani dogo. Abokansa suka kwashe da dariya.

Kiran Inna na biyu ya shigo daidai lokacin da mai hoton ƙungiya ke cewa ta ɗago akwatin ta saki fuska. Ta saki. Kafin ya gama wayar ta katse. Sakatare bai iso ba sai da ya ci ya ƙoshi, da tsinken sakace a bakinsa. Yana isowa ta kwasa da gudu.

Tun daga bakin layinsu ta ji kukan mata. Ta jingina da katanga ta kira Shugaba, ta ce ya rasu, a cire hoton nan.

"Ayya, Allah ya jiƙansa," ya ce. "Amma kar ki yaɗa tukuna. Teburin namu ne har gobe."

Ta kashe wayar ta shiga. Matan gidan sun cika tsakar gida, suka dare mata hanya ba tare da sun dube ta ba. Inna na zaune a bakin gado, idonta a bushe. An rufe Baba da zanen gado mai tsabta. Auta ta durƙusa a gabanta.

"Inna, me ya ce?"

"Ban sani ba."

"Bai bar mini saƙo ba?"

"Na ce ya gaya mini in gaya miki. Ya ce a'a, Auta na hanya, ba ta saɓa masa." Inna ta gyara bakin zanen a kan ƙafarsa. "Shi ne ya ce in ɗaure labulen can, wai don ya gan ki tun daga tsakar gida."

Auta ta waiwaya. Labulen ƙofar na nan a tattare gefe guda, ɗaure da igiyar shanya, rana ta shigo ta wurin ta kwanta a kan siminti har gindin gadon.