Ruwan Hodar Kakanni

Brígida Sallo tana cikin karɓe wayoyin matan ƙungiyar masaƙa tana zubawa a tukunyar ƙasa, surukarta Mama Sinforosa, uwar mijinta, ta shigo farfajiyar da sabon mayafi a kafaɗa.

Mayafin ruwan hoda ne, irin wanda mutum ke ci gaba da gani ko bayan ya rufe ido. An ƙawata bakinsa da kore mai kama da na kwalbar lemo. Saƙar kuwa ba ta da aibi, domin hannun Mama Sinforosa bai taɓa yin abin kunya ba. Launin ne kawai ya fito daga ƙullin galura na rumfar Don Melquíades a kasuwar Lahadi, kuma duk macen da ke wurin ta san haka, tun da kowace tana da irin ƙullin a ƙarƙashin gadonta.

A ranar ake jiran Dakta Marisol Benavente daga birnin Lima, ma'aikaciyar wata gidauniya mai ba da hatimin shaida cewa duk ulun ƙauye da ganye da saiwa da ƙwaro aka rina shi, kamar yadda kakanni suka yi. Kamfanin da ke kawo masu yawon buɗe ido ya riga ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa motocinsa za su riƙa tsayawa ne a inda hatimin yake. Idan Qollpani, ƙauyensu, ta rasa, akwai ƙauyen gaba, wanda matansa ba su ƙware a saƙa ba amma suna da ban-ɗaki mai famfo. Brígida ce shugabar ƙungiya. Ita ta lallashi mata suka rage noman dankali suka koma zaman farfajiya, ita kuma za su ci da baki ranar da motoci suka wuce ba su taka birki ba.

Batun kakanni yana buƙatar ɗan gyara. Iyakar abin da tsofaffin Qollpani ke iya tunawa, rini a ƙulle cikin takarda yake zuwa, a bayan alfadarin fatake. Rinin kakanni wata Baturiya ce ta koya wa matan, shekarun baya, a zauren taro na wani otal a Kusko, inda aka raba shayi da biskit, kowace kuma ta dawo da takardar shaidar cewa yanzu ta gaji kakarta. Launukan da suka koyo masu sanyi ne: toka-toka, ruwan ƙasa, ja mai kunya. Baƙi suna sonsu ƙwarai. Mama Sinforosa tana saƙa su don sayarwa, tana kiransu launin ciwon ciki.

"Mamay, ina za ki da wannan?" in ji Brígida.

"Baƙuwa aka ce za a yi. Babba."

Brígida ta ajiye tukunyar, ta sassauta murya, ta yi mata bayani tun daga tushe: hatimi, motoci, ƙauyen gaba da famfonsa. Ta ce yau ɗaya ce tak, gobe ta sa ko da tutar ƙasa ce. Ta ɗauko wani mayafi ruwan toka daga kan igiya ta miƙa mata da hannu biyu. Tsohuwar ta dube shi kamar an miƙa mata matacciyar kaza.

"A gidan ubana, in baƙo na zuwa, mafi kyawun tufa ake sawa. So kike ta koma garinsu ta ce ta tarar da mu muna zaman makoki?"

Da wata ce, sai a tura ta kiwo. Amma hoton Mama Sinforosa ne a kan babban allon da ke mararrabar hanya, tana riƙe da mazari tana duban nesa da idon da baƙi ke cewa yana ɗauke da baƙin cikin tsohuwar daular Inka da ta faɗi. Waɗanda suke wurin ranar ɗaukar hoton sun ce jakin maƙwabci take kallo, ya shiga mata gonar wake. Ko ma mene ne, fuskar nan ita ke tsayar da mota.

Brígida ta nemi taimakon mijinta. Anacleto yana bakin ƙofa cikin kayan aikinsa: rigar sarkin Inka, rana ta gwangwani a ƙirji, kambin gashin tsuntsu, da igiyar alfaka, dabbar tsauni mai ulu da dogon wuya, a hannu don masu son hoto. Ya saurari matarsa da natsuwar da ta dace da sarki, ya leƙa ya ga mayafin, ya ce shi a ganinsa ya yi mata kyau. Da ta matsa masa, sai ya ce alfakar ba ta son a bar ta ita kaɗai. Daga hantsi zuwa la'asar yana mulkin ɓangarori huɗu na duniya, amma sarautarsa ba ta taɓa kaiwa ƙofar uwarsa ba.

Tukunyar ƙasa ta fara ruri. Brígida ta tona wayarta daga cikin na jama'a. Wilber ne, jagoran baƙi, yana sanar da ita sun wuce gada.

Dabara ɗaya ta rage mata. Ta ce wa surukar dankalin baƙi na kan wuta kuma ba wanda ya san lokacin saukewa sai ita, ta raka ta madafa, cikin hayaƙi da ɓerayen Masar masu zirga-zirga a ƙasa, ta ja ƙofa. Tsohuwar ta shiga ba gardama. Brígida ta daɗe a gidan, ta san cewa wannan ba alamar alheri ba ce, amma mota ta riga ta tsaya.

Dakta Benavente doguwa ce, sanye da rigar sanyi mai tsadar da ba ta nunawa, tana numfashi sama-sama kamar duk mutanen gaɓar teku idan sun hau tudu. Bayanta baƙi suka biyo, jajayen fuskoki cikin hulunan da suka saya jiya. Matan suka zauna a jere a ƙasa, kowace da masaƙarta ɗaure a ƙugu, takalman taya a ƙafa, na kanti a ɓoye bayan itacen wuta. Aka wanke ulu da saiwar sabulu. Aka murje ɗan ƙwaron jikin ƙaya a tafin hannu ya ba da ja, aka ɗiga lemon tsami ya koma ruwan goro, baƙi suka yi ajiyar zuciya. Brígida ta shafa jan a leɓe ta yi barkwancin da take yi wa kowace mota, aka yi dariyar da kowace mota ke yi. Dakta ba ta yi dariya ba. Ta bi tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe randar tsohon fitsarin da ake kama shuɗi da shi, ta shaƙa sosai, hawaye ya zo mata, ta gyaɗa kai cikin gamsuwa.

Sannan ta tambaya ina kakar da ke kan allo. Ta ce saboda ita ta yi wannan doguwar tafiya.

Brígida ta fara cewa tsohuwar ba ta jin daɗi. Ba ta kai ƙarshen maganar ba ƙofar madafa ta buɗe. Mama Sinforosa ta fito da akushin dankali yana tururi, ta tako a hankali zuwa tsakiyar farfajiya, inda rana ta fi ƙarfi, ta tsaya. Cikin duk wannan toka da ruwan ƙasa, mayafin ya yi kamar an kunna fitilar kanti.

Ƙoshiyoyin saƙa suka tsaya. Dakta ta matso, ta kama gefen mayafin da yatsu biyu, ta juya shi, ta dubi Brígida. Ta tambaya, da muryar likita mai shirin faɗin mugun labari, da me aka rina wannan.

Ita tsohuwar yaren Keshuwa take yi, Dakta kuwa Sifaniyanci, saboda haka duk maganar da za ta wuce tsakaninsu sai ta bi ta bakin Brígida. Ta juya ta maimaita tambayar da yaren gida, idonta na roƙo.

"Ki ce mata wurin Melquíades, kusa da masu soya kifi," in ji Mama Sinforosa. "Ki ce ta nemi na jar takarda, na shuɗiyar yana zuba."

Brígida ta ji harshenta ya kama aiki ba da izninta ba. Ta ce wa Dakta, Mama ta ce wannan ba launin da ake magana a kansa gaban jama'a ba ne. Fure ne. Yana fitowa can sama, gab da ƙanƙara, bayan ruwan farko, kuma ba ya daɗewa. A duk ƙauyen Mama kaɗai ta san wurin, kakarta ce ta nuna mata.

Dakta ta ce ta karanta duk abin da aka rubuta kan rinin tsaunuka, ba ta taɓa cin karo da wannan ba.

"Shi ya sa, Dakta," in ji Wilber, wanda ke jin harsunan biyu kuma yana da kaso a kowace mota da ta tsaya. Ya cire hula ya ɗora a ƙirji. Ya ƙara da cewa ba a tsinkarsa sai an roƙi dutsen da ganyen koka, kuma namiji bai taɓa ganinsa ba. Ya fassara wa baƙi, ya ƙara musu abin da ya ga ya dace da kuɗin tikitinsu. Wata dattijuwa ta fara sharar ido.

Mama Sinforosa ta ga ana kallonta, ta ci gaba da bayani da karimci. Ta ce Melquíades ɓarawo ne, yana gauraya da garin bulo, a riƙa buɗe ƙullin a gabansa. Brígida ta fassara cewa dutse ba ya ba mai haɗama.

Dakta ta nemi zare ɗaya tak, ta tafi da shi a auna. Wannan bai buƙaci ƙarya ba: tana fito da ɗan almakashi tsohuwar ta maƙe mata hannu. Brígida ta ce haramun ne ƙarfe ya taɓa shi. Dakta ta ba da haƙuri har sau biyu, ta mayar da almakashin jaka, fuskarta cike da kunyar wanda ya shiga wurin ibada da takalmi. Wani Bature ya taya mayafin daga jikin mai shi, tsohuwar ta miƙa masa dankali.

Kafin mota ta tashi, Dakta ta tara matan ta yi jawabi. Qollpani ta sami hatimi, wannan ba ya cikin shakka. Amma abin da ta gani yau ya wuce hatimi. Bayan ruwan farko za ta dawo da masu ɗaukar fim, su bi Mama har gindin ƙanƙara, duniya ta ga furen da idonta kafin ilimin ya shiga kabari. Ta rungume tsohuwar, ta kira ta taskar ƙasa. Tsohuwar ta ce wa Brígida ta faɗa wa baƙuwar ta riƙa cin abinci, ƙasusuwanta na soke mutum.

Da ƙurar mota ta kwanta, matan suka yi wa tukunyar wayoyi wawa, aka fito da giyar masara, aka zuba wa ƙasa rabonta, aka sha. Sun yaba wa shugabarsu, wasu da gaske. Brígida ta karɓi ƙoƙo ba ta kai baki ba. Tana duban dutsen. Ta yi kiwo a can tana yarinya, ta san abin da ke gindin ƙanƙara: tsakuwa, ciyawa mai tsini, da iska.

Surukarta ta zo ta zauna kusa da ita, ta gyara mayafi, ta zuba koka a baki. Ta yi shekaru tana sayar da dankali a kasuwar Kusko kafin a haifi Brígida, kuma ba a cin riba a can da Keshuwa kaɗai.

"Furen nan naki," in ji ta da Sifaniyanci mai kyau, "kakata ta nuna mini, ko?"

Brígida ta sunkuyar da kai.

"Zan hau. Amma a kan doki, ba da ƙafa ba. Kuma daga yau abin da na ga dama shi zan sa, tun da ni taska ce." Ta tauna kokar a hankali. "Furen kuwa ba ruwana. Ke kika shuka shi da baki, sai ki je ki shuka shi da hannu."

Anacleto ya shigo yana jan alfaka, kambinsa a hammata. Brígida ta ce masa gobe da safe zai sauka gari, ya zaga masu sayar da shuke-shuke, ya tambayo wane fure ne ruwan hoda da ke jure sanyin sama. Ya sosa kai. Ya ce shi ya yi dako a hanyar nan, ko dankali mai ɗaci ba ya rayuwa a wurin. Furen da ya taɓa gani ya kwana a irin wannan sanyi bai yi yaushi ba, sai na roba da mata ke sayarwa a ƙofar maƙabarta.

Ya faɗa ne don a yi dariya, ya jira. Brígida ba ta yi ba. Ta daɗe tana juya ƙoƙon a hannu, sannan ta tambaye shi, shi da ya saba tsayawa gaban kyamara, daga wace tazara ake fara gane abu.