Ruwan Tayar Wahabou

"Ɗaga ɓangarenka, Sadikou. Ni fa ba buhun siminti ba ne."

Na ɗaga. Ni da Inna Adjara, matarsa, muka cicciɓo Baba Tchakondo da kujerarsa, muka ƙetare kwatar ƙofar gida, muka dire shi a gindin mangwaron bakin titi. Ko nauyin buhun simintin bai kai ba. Ban faɗa masa ba.

Farar rigarsa ta Idi ya sa. A cinyarsa akwai koriyar buta cike da ruwa, ya rungume ta da hannu biyu.

"Rana ta kai ina?"

"Ta kusa tsaka."

"To Wahabou yana hanya. Ya ce da asuba zai baro Lome."

"Ya ce," in ji Inna Adjara. "Shi dai ya ce."

"Adjara, je ki duba wakenki, yana ƙonewa."

"Wakena bai taɓa ƙonewa a kan ɗan wani ba."

Ta dai tafi. Wake da shinkafa take sayar wa direbobi, shi ke riƙe da gidan.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Komah, nan Sokode. Na gama sakandare, aiki bai samu ba. Sai na zama idon Baba, tun da nasa suka mutu.

Da Baba ya zama direba, tankar mai ya fara ja. Ya koma motar auduga. Daga baya wani Alhaji ya ba shi tirela, Lome zuwa Wagadugu, ya tsufa a cikinta. A tasha ya tsinci Wahabou yana wankin mota, ya ɗauke shi yaron mota. A zauren gidan nan yaron ya kwana, tuwon Inna ya ci har gemu ya fito masa.

Da ciwon suga ya fara cin idon Baba, Wahabou ne ke karanta masa hanya. Rami a hagu, Maigida. Mai keke a dama. Babu wanda ya sani sai su biyu.

A wurin wanda ya koya wa Baba tuƙi, ba a sallamar yaro da baki. Maigida ne zai miƙa masa makulli, ya zuba ruwa a tayar gaba, ya ce na yafe maka gumina, hanya ta yi maka sanyi. Duk wanda Baba ya yaye haka ya yi masa. Ya ce wa Wahabou ya bari a gama kwasar auduga, shi da kansa zai je wurin Alhaji ya sauka, ya zuba masa ruwansa.

Wahabou bai jira ba. Ya riga shi zuwa wurin Alhaji da zancen idon.

A tsakiyar tasha aka yi, gaban direbobi da masu shayi. Alhaji ya nuna wata mota can gefe, ya ce Baba ya karanta lambarta. Baba ya tsaya yana kallon iska. Aka zare makulli daga hannunsa, aka sa a na Wahabou.

Daga nan gadi ya yi a tashar. Sannan sayar da baƙin mai a kwalba. Sannan kujera.

Wasu sun ce Wahabou rayuka ya ceta. Baba ma bai musa ba. "Bai yi ƙarya ba," ya kan ce. "Gaggawa ya yi."

Da ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya daina zama masa, ya sa na kira Wahabou a waya. Ba ya so ya mutu da ruwan yaron a hannunsa. "Kada wani abu ya same shi a dutsen Aledjo, a ce bakina ne." Wahabou ya yi dariya a wayar. Ya ce ranar Alhamis in sha Allahu, a ce wa tsoho ya shirya butarsa.

Shi ne muke zaune.

Wata tsohuwar tirela ta rage gudu, ta danna hon sau biyu. Gbandi ne, ɗaya daga cikin yaran Baba na da. Ya leƙo ta taga.

"Maigida! Wannan farar riga fa? Inna ta san da zancen amaryar?"

"Gbandi, ɗan banza. Kulocinka na kuka tun daga gada. Da ƙafa kake tuƙi ko da taɓarya?"

"Wanda ya koya min ne makaho!"

"Allah ya shirye ka. Ka kula da gangara."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa a kofi. Na butar bai bari an taɓa ba.

Azahar ta yi, ya yi salla a zaune. Motoci na wucewa, yana faɗar sunayensu da kunne. Wannan ta siminti ce. Wannan fanko take. Wannan yaro ne a ciki, zai kashe giya. Ƙarar tsohuwar motarsa yake jira.

Rana ta fara karkata sai ga wata farar mota sabuwa fil, ta kamfani, da kwantena a baya. Kafin kwalbatin da ke ƙasa da gidanmu ta sauke giya. Ta ƙara saukewa. Baba ya miƙe zaune. Ya ɗaga butar.

Wahabou ne. Rigar kamfani, baƙin gilashi. Ya dube mu. Na ga ya dube mu, ya ga rigar, ya ga butar. Hannunsa ya tashi kamar zai gaishe mu, sai ya kai shi ga madubi ya gyara. Ya taka totur.

Ko hon bai danna ba.

Iskar motar ta ɗaga gefen rigar Baba ta sake.

"Ba shi ba ne," na ce. "Wata farar mota ce ta kamfani."

"Sadikou."

"Na'am, Baba."

"Duk hanyar nan babu mai sauke giya sau biyu kafin kwalbatin nan sai wanda na koya wa. Ƙarya ba ta yi maka kyau. Ka bar wa masu ita."

Ya mayar da butar cinyarsa a hankali.

"Fara, ka ce? To tawa fa?"

Inna Adjara na tsaye a bayanmu da ludayi. Ban san lokacin da ta fito ba.

"Ya bar ta tun bara," ta ce. "Tana bayan gidan Alhaji, ba taya. Kaji ke ƙwai a ciki."

"Kin sani?"

"Duk gari an sani."

"Ya daɗe da ita?"

"Ko damina biyu bai cika ba."

Baba ya jima yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Motocin kamfani akwai na'ura a ciki. In ka tsaya inda ba a ce ba, suna gani daga ofis. An hana shi ne."

"Haka ne," in ji Inna. Idonta ya yi ja. "Hana shi aka yi. Ku tashi mu shiga."

Da la'asar ta aike ni kantin magani, can hanyar fita gari. Farar motar na fake gaban rumfar mai sakwara. Wahabou na kan benci, ya cire gilashi, hannunsa cikin miya.

"Sadikou! Kai ne ka zama ƙato haka? Zauna ka ci."

"Na'urar ba ta ganin nan?"

Ya tsaya da loma a hannu.

"Farar rigarsa ya sa," na ce. "Tun hantsi yake zaune."

"Ka ce masa a dawowa."

"Ba zai kai ba."

"Haba, tsohon nan ƙarfe ne." Ya yi dariya, ba ta zauna ba. Ya mayar da lomar kwano. "Na rage gudu. Ka gani ai, na rage. Wallahi ba zan iya kallon idon nan ba."

"Ba ya gani."

"Shi ne ai."

Ya wanke hannu, ya hau motarsa, ya yi arewa.

Ban faɗa wa Baba ba. Bai kuma tambaye ni abin da ya tsayar da ni ba.

Ranar Asabar bayan azahar ya cika. Ina riƙe da kansa, Inna na ɗiga masa ruwa a leɓe. Kafin ya yi kalmar shahada ya lalubo hannuna.

"Butar tana ina?"

"Tana nan."

"Kada a yi alwala da ruwan. Nasa ne."

Direbobi sun zo jana'iza. Tireloli suka jeru a gefen titi, Gbandi na gaba a ɗaukar makara, yana kuka kamar yaro. Babu farar mota.

Da aka watse, Inna ta ɗauko butar za ta watsar da ruwan a kwata. Na riƙe ta. Ta dube ni, ta sakar min. Na kai ta gindin mangwaro, inda ƙafafun kujera suka bar rami huɗu a ƙasa, na ajiye.

Tsohuwar buta ce. Ashe wurin ajiyewa gindinta ya tsage. Da na fito da safe ruwan ya tsiyaye, ya ja siririn layi a ƙasa ya nufi titi. Saura kamar taki ɗaya ya taɓa kwalta ya bushe.