Kaurin Reza

Sau uku ke nan cikin mako guda Kobad Ali yana aika wa Tofazzal bakanike cewa injin ban ruwansa na ƙwanƙwasa. Tofazzal ya jingine kekensa a gindin giginya, ya bi kunyar gona. Shinkafar ta ɗauki ciki, amma ƙasar ta tsage har yatsa na shiga. Kwana uku in babu ruwa, sai dai a girbi ƙaiƙayi.

Ya tarar da Kobad tsaye a gefen rijiya. Ya taɓa kan injin, ya yi saurin janye hannu.

"Kawu, dafa shi ka yi? Ba a saita bawul da zafi. Sai ya huce."

"Ita shinkafar za ta jira shi?"

"Ƙarfe bai san shinkafa ba."

Suka zauna a inuwar rumfa. Tsohon ya kwance ƙullin gasasshiyar shinkafa da ɗanyen barkono ya tura masa. Tofazzal ya ci kaɗan, don ya ga alama abincin ranar ke nan.

Da ƙarfen ya yi sanyi, ya cire murfi, ya juya ƙafar injin a hankali har bawul biyun suka rufe. Ya sassauta noti, ya zaro ɓarin reza daga aljihu ya zura a 'yar tazarar da ke kan bawul ɗin don ya auna ta. Ba a so ta shige salin-alin, ba a so ta maƙale; ta ɗan ja kawai. Ya zura, ya zare. Daidai take, kamar yadda ya bar ta shekaranjiya. Duk da haka ya murɗa, ya mayar, ya ɗaure, saboda tsohon na tsaye a kansa.

Aka ɗura wa famfo ruwan tulu, aka tayar. Injin ya kama tiryan-tiryan, ko gargada babu. Bututun ya yi tari, ya tofar da ruwan tulun haɗe da yashi, daga nan sai iska.

"Ƙara matse shi."

"In na matse, bawul ya ƙone."

"Kai, yaran yanzu! Ubanka da kunne kawai yake yi, ruwa ya fito kamar cinyar mutum."

Tofazzal ya daɗe yana goge sifana da tsumma.

"Kawu, injin nan lafiyarsa ƙalau. Tun zuwana na farko ƙalau yake. Ruwan ne ya yi ƙasa, ya wuce inda bututunka ke kaiwa. Rijiyar maƙwabcinka Haripada haka, ta Sobhan ma haka."

Kobad bai yi musu ba. Ya tsaya yana sauraron injin, sannan ya miƙa hannu ya kashe shi. Ya juya wajen gida ya ɗaga murya.

"Uwar Shiuli! Kwanto shanun nan."

"A kai su ina da tsakar rana?" matarsa ta amsa daga bayan danga.

"Nan gona. Su ci shinkafar tun tana da sauran kore."